An ce Innarmu ta kawo "hadaya mai zafi": me ya rage mai bi ya biya?

Maman Ishaku: Salama a gare ku iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai maganar da ta hana ni barci, kuma ba na so in je gida da fushi a bakina, shi ya sa na fara kawo ta nan. Wasunku sun san ƙanena yana fama da ciwon ƙafa tun kaka, an sha magani har an gaji. Makon jiya wani baƙon mai wa'azi ya zo taron farkawa a ƙauyen da ke gaba da namu, can ƙasar Sumaila, da janareto da lasifika. A daren ƙarshe ya ce duk mai son Allah ya amsa masa da gaggawa sai ya kawo hadaya mai zafi, wadda in ka bayar za ka ji ta a jikinka. Ya karanta musu labarin gwauruwar Zarefat da ta ba annabi Iliya ɗan garin da ya rage mata. Washegari Inna ta ja akuyarta, wadda take kiwo domin kuɗin taki, ta kai kasuwa ta sayar, ta ɗaure kuɗin a bakin zane ta kai masa. Ya ɗora mata hannu, ya shiga mota ya tafi. Ƙafar yaro tana nan yadda take. Jiya a waya Inna take ce mini wai ko hadayarta ce ba ta kai ba. Wannan maganar ita ta fi ci mini rai. Ku faɗa mini, mece ce hadaya a wurin mai bi? In Yesu ya mutu dominmu, me ya rage mu biya?

Talatu: Kash! Sannu Yaya. Allah ya ba yaro lafiya. Mu ma irinsa ya taɓa zuwa mana, kuma kullum mata ne ke kwana ciki.

Malam Bulus: Sannu da jinya 'yar'uwa. Amma kada mu yi saurin yanke hukunci, bayarwa mai tsada tana cikin Littafi. Da Arauna ya ce zai ba Sarki Dawuda masussuka da shanu kyauta, Dawuda ya ƙi, ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji abin da bai kashe masa komai ba. Ku duba 2 Sama'ila 24. Yesu da kansa ya yaba wa gwauruwar da ta zuba anini biyu. Waɗanda suka fara kawo aikin ƙungiyar mishan ta SIM ƙasar nan su uku ne suka sauka Legas a 1893, kafin 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Da sun yi lissafin riba da asara da bishara ba ta iso ƙauyukanmu ba. Ciwonmu a karkara rowa ce. Rufin majami'armu yana yoyo tun bara, mai bishararmu yana noma gonar wasu kafin ya ci. Inna ta bayar da zuciya ɗaya, Allah ya gani.

Maman Ishaku: Malam, ban ce Allah bai gani ba. Amma kuɗin bai je rufin majami'a ba, bai shiga tukunyar mai bishara ba. Kuma ciniki aka sa ta yi: kawo akuya, karɓi lafiya.

Baba Dattijo: Jikana ne ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. 'Yata, ki saurare ni, domin ni a gidan Maguzawa aka haife ni, abin da zan faɗa da idona na gani. In damina ta matso, mahaifina kan ja baƙar akuya zuwa gindin tsamiyar da ke bayan gidanmu. Ya kira Uwar Gona, iskar da ake roƙo domin albarkar gona, ya yanka, ya bar jinin ya kwarara a kan saiwa, mu yara muna tsaye daga nesa, ba mai ko tari. Naman mu ke ci, jinin na iska ne. In yaro ya kwanta ciwo a tafi wurin boka, ya duba ya ce an yi wa wani iska laifi, jan zakara yake so. A yanka. In ciwo bai tafi ba, ba wanda ke cewa boka ya yi ƙarya. Sai a ce abin da aka kai ne ya yi kaɗan. Daga zakara a koma bunsuru, daga bunsuru a koma abin da ya fi shi. Na san gidan da garke ya ƙare a haka, kuma aka binne yaron. Tsoro ne ke kai mu gindin itacen nan, ban taɓa jin wani ya ce yana ƙaunar iska ba.

Ranar da mai bishara ya zauna a zaurenmu da tsohon Littafi Mai Tsarkin nan na Hausa na 1932, ya karanta mana cewa Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak domin zunubi, mahaifiyata daga bayan zana ta tambaye shi, to baɗi fa, me za a yanka? Ya ce babu, har baɗi har baɗin baɗaɗa. Ta sa ya sake faɗa. Wannan ce ta fito da gidanmu. Saboda haka da na ji Innarki ta ce ko hadayarta ba ta kai ba, sai jikina ya mutu. Maganar boka ce aka mayar mata a baki, ko da wanda ya faɗa mata yana riƙe da Littafi Mai Tsarki.

Talatu: Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Na karanta wa mahaifiyata, ta ce haka yake, ba ƙari.

Fasto Haruna: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Baba ya riga ya faɗi abin da ni zan faɗa da ayoyi, amma bari in kawo su domin Maman Ishaku ta sami abin karanta wa Inna.

A Tsohon Alkawari ma hadaya ba toshiyar baki ba ce ga Allah. A Littafin Firistoci 17:11 Allah ya ce ran halitta yana cikin jini, kuma shi ne ya ba su jinin a kan bagade domin kafara. Shi ya bayar. Ku kuma duba sura 5: wanda bai da halin tunkiya ya kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu, wanda ko wannan ya fi ƙarfinsa ya kawo ɗan lallausan gari, kuma a gafarta masa daidai da mai tunkiya. Yusufu da Maryamu, da suka kai jariri Yesu Haikali, hadayar talaka suka kai, tsuntsaye biyu, yana nan a Luka 2:24. To ina aka samo cewa sai ta yi zafi Allah zai ji?

Babbar rana a wurin Isra'ilawa ita ce Ranar Kafara, sura 16. Sau ɗaya a shekara babban firist ke shiga Wuri Mafi Tsarki, bayan labule, kuma sai ya fara yin hadaya domin zunubin kansa. Ana kawo bunsuru biyu. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa ciki. Ɗayan firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya hurta laifofin jama'a duka, a kore shi jeji. Shekara na zagayowa a sake. Marubucin Ibraniyawa ya ce wannan maimaitawar ita ce shaidar aikin bai gama ba, jinin bijimai da na awaki ba ya iya kawar da zunubi. A sura 10 ya ce kowane firist a tsaye yake kullum yana ta miƙa hadayu iri ɗaya, amma Almasihu da ya miƙa hadaya guda ta har abada sai ya zauna a dama ga Allah. Mai aiki ba ya zama sai ya gama. Markus ya ce da Yesu ya cika a kan gicciye labulen Haikali ya tsage biyu daga sama har ƙasa. Haikalin kansa Romawa sun rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, tun daga nan ba a sake yanka a bagadensa ba, kuma ikkilisiya ba ta taɓa neman wani bagaden yanka ba.

Abin da nake so Inna ta riƙe shi ne wanda ya kawo ragon. A Farawa 22 Ishaku ya ce ga wuta ga itace, ina ragon? Ibrahim ya ce Allah zai tanada. Yahaya Maibaftisma da ya ga Yesu ya ce ga Ɗan Rago na Allah mai ɗauke zunubin duniya. Bulus ya ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Bitrus ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba. A gindin tsamiya mutum ne ke kai wa iska. A gicciye Allah ne ya kawo, mu muka karɓa.

Malam Bulus ɗan'uwana, gwauruwar nan mai anini biyu, ka ɗan koma baya kaɗan a Markus 12. A aya ta 40 Yesu ya gama tsawata wa malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a. Iliya kuwa bai karɓi waina ya shiga mota ba, a gidan matar ya zauna, abin da suka ci ya ci, da ɗanta ya mutu shi ya ɗauke shi ya yi kuka ga Allah. Elisha ya warkar da Na'aman ya ƙi karɓar ko allura, baransa Gehazi da ya bi bayan mutumin ya karɓa, kuturta ya samu. Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin baiwar Allah, Bitrus ya ce kuɗinka su hallaka tare da kai. Wannan baƙon ya yi wa tsohuwa zalunci, kuma ni ba zan sassauta kalmar ba.

Malam Bulus: Fasto, na karɓa a kan baƙon, ban tsaya masa ba. Amma ina da tsoro guda kuma ba zan ɓoye ba. In muka yi ta cewa kyauta ne, an gama biya, ba abin da ya rage, ka san abin da samarinmu ke ji? Mutum ya kwana a gidan burkutu, ya zo Lahadi ya ce alheri ne. Ya ci bashin hatsi ya ƙi biya ya ce jinin Yesu ya wanke. Romawa 12:1 ta ce mu miƙa jikunanmu hadaya rayayyiya. Ibraniyawan da ka karanta ma, a 13:16 ta kira yin nagarta da taimakon juna hadayu masu faranta wa Allah rai. Yakubu ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. To hadaya ba ta ƙare ba ke nan.

Fasto Haruna: Ta biyan zunubi ta ƙare. Ta godiya ba za ta ƙare ba sai ranmu ya fita. Ka lura Bulus ya yi sura goma sha ɗaya yana bayyana jinƙan Allah kafin ya ce "saboda haka" a sura 12. Afisawa 2 ma haka: aya 8 da 9 ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, aya 10 kuma an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Wanda ya tsallake ta 10 ya cuci kansa, wanda ya sa ta gaban ta 8 ya koma tsamiya. Saurayin da ke ƙin biyan bashi a kira shi gaban dattawa, kamar yadda Zakka ya ce zai mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu bayan Yesu ya riga ya shiga gidansa.

Mama Saratu: Ku maza kuna ta ayoyi, tsohuwa kuwa tana can tana zargin kanta ga damina ta ƙaraso ba taki. Maman Ishaku, ki turo mini lambar Inna ta gefe. Zan yi magana da Zumuntar Mata ta wajensu, mu je mu zauna da ita, mu duba abin da za a haɗa na taki, yaron kuma a kai shi asibiti likita ya ga ƙafar nan, kada ta ruɓe muna muhawara.

Sannan ina da magana a kan warkarwa. Maigidana ya yi doguwar jinya. An yi addu'a, an yi azumi, dattawa sun shafa masa mai, ya rasu. Wata ta zo mini gaisuwa ta ce da mun ƙara bangaskiya da ya tashi. Na daɗe wannan magana na ci na. Abin da ya ɗaga ni shi ne Bulus, wanda ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa aka ce masa alherina ya ishe ka, kuma shi da ya warkar da wasu ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Mijina ya mutu cikin ceto. Ciwo ya ci jikinsa amma bai taɓa shakkar inda za shi ba, har daren ƙarshe yana rera waƙar da ya koya tun yana yaro. Mu daina gaya wa mutane cewa rashin lafiya alama ce ta bashin da ba a biya ba. In kuna son ganin hadayar mai bi ku zo ranar godiyar kaka, mata da damin gero a ka, wata da kwaryar gyaɗa, wata da kaza ɗaya a hammata, ana rawa har gaban bagade. Allah ya riga ya ba da ruwa, an riga an girbe, ba wadda ke jiran canji.

Maman Ishaku: Mama, na gode, na turo. Allah ya saka da alheri.

Yakubu Ɗalibi: Iyayena, wannan abin ba sabo ba ne a tarihin ikkilisiya. A 1517 a Jamus wani mai wa'azi mai suna Tetzel yana yawo yana sayar da takardun sassaucin horon zunubi, ana tara kuɗi har da na ginin majami'ar Bitrus a Roma. Shi ya sa Matin Luta ya rubuta batutuwansa 95. Abin baƙin ciki, yau jikokin masu gyaran ikkilisiya irin su Luta ne ke yawo da lasifika suna sayar da albarka. Amma ina da tambaya ga 'yan'uwanmu Katolika: in hadaya sau ɗaya ce, me ya sa kuke kiran Mas, wato sujadarku ta gurasa da ruwan inabi, hadaya?

Katekis Yusufu: Ɗana, tambaya mai kyau. Ba ma cewa ana sake kashe Yesu kowace Lahadi, wanda ya gaya maka haka bai fahimce mu ba. Koyarwarmu, kamar yadda Majalisar Tirent, babban taron shugabannin ikkilisiyarmu na 1545 zuwa 1563, ta bayyana, ita ce hadayar Kalfari, inda aka gicciye Yesu, guda ɗaya ce, mai miƙawa ɗaya, abin miƙawa ɗaya, a Mas ana kawo ta gabanmu ba tare da zub da jini ba domin mu shiga cikinta. Na san ku a wurinku Jibin Ubangiji tunawa ce, a nan mun bambanta da gaske. Cinikin da Luta ya yi kuka a kansa kuwa laifi ne, Paparoma Pius na biyar ya hana haɗa waɗannan takardu da kuɗi a 1567. A 1999 kuma Katolika da Lutarawa suka sa hannu a kan sanarwa ɗaya cewa ta wurin alheri kaɗai Allah ke karɓar mu, ba don cancantarmu ba. A maganar akuyar Inna bakinmu ɗaya da Fasto.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Kun san ni Musulmi ne, amma kakanmu ɗaya da rabin mutanen zauren nan, Inna kuma gwaggona ce ta wajen uwa. Na yi baƙin ciki ƙwarai, mu ma muna da masu cin dukiyar mutane da sunan addu'a. Ko layyar da muke yi, Alƙur'ani ya ce a Suratul Hajji namanta da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa gare shi. Zan sa hannu a kuɗin taki. Amma Fasto, da girmamawa, ga abin da ban taɓa ganewa ba. A wurinmu wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, kuma mun yi imani ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi. In ni na yi laifi, ina adalci a kama marar laifi a kashe? Allah mai iko ne, in ya so yafewa ai sai ya yafe, me zai sa sai an zub da jini?

Fasto Haruna: Wa alaikumus salam Malam Sani. Na gode da ka yi tambayar a fili, ita ce ainihin inda muka rabu, kuma ba kyau mu yi kamar ba mu rabu ba. A Littafinmu ma, Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Da a ce Allah ya kamo wani bawansa na gefe ne ya ɗora masa laifina, da maganarka ta ci. Mu abin da muka gaskata shi ne wanda ya hau gicciyen ba na gefe ba ne. Bulus ya ce Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa. Yesu ya ce ba wanda ke ƙwace raina, ni nake ba da shi da kaina. Kai manomi ne. In shanun maƙwabci suka kwana a gonarka dawa ta fara kai, aka je gaban mai unguwa ka ce ka yafe, dawar ba ta dawo ba. Yafewar tana da kuɗi, kai ka biya, a rumbunka za a gani. Haka muke ganin gicciye: wanda aka yi wa laifi ya ɗauki asarar a jikinsa, bai ce laifin ba komai ba ne, bai kuma ɗora wa mai laifin ba. Tashinsa a rana ta uku shi ne shaidarmu cewa an karɓa. Bulus ya ce in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce, muna nan cikin zunubanmu.

Malam Sani: Na ji, kuma na gode da ba ka zagaya ba. Amma ni a wurina Allah ba ya asara, rumbunsa ba ya raguwa, kuma bai kamata a ce ya zama mutum har ya mutu ba. Nan ne ba zan iya bin ka ba. Mu ci gaba da zumunci, gobe in Allah ya kai mu zan leƙa gwaggo.

Fasto Haruna: Allah ya kai mu. Ka gaishe ta.

Yakubu Ɗalibi: Fasto, amsar nan ta taimake ni ni ma. Tun ina makarantar Lahadi yadda ake faɗa mana kamar Uba ne ya fusata yana neman wanda zai duka, Ɗa ya shiga tsakani. Har na riƙa jin Yesu nake ƙauna, Uban kuwa tsoronsa kawai nake ji. Alhali Yahaya 3:16 cewa ta yi Allah ne ya ƙaunaci duniya har ya ba da Ɗansa. A aji mun ga masana ma kowa da inda ya fi danna ƙafa. Anselm na Kantabari, wajen 1098, ya ce zunubi bashi ne na girman Allah da mutum ya kamata ya biya amma Allah kaɗai ke iyawa, shi ya sa sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelad a Faransa ya ce gicciye ƙauna ce da aka nuna har ta narkar da zuciyar mai taurin kai. Iyayen ikkilisiya na farko kuwa sun fi maganar nasara a kan Shaiɗan da mutuwa.

Baba Dattijo: Jikana, waɗancan na farkon su suka san ciwonmu. Ni lokacin da na tuba ban san kalmar barata ba, wato Allah ya karɓi mai laifi a matsayin marar laifi. Abin da na sani shi ne ina tsoron fita da dare, ina tsoron wuce kuka da tsakar rana, ina tsoron wanda ya harare ni a kasuwa. Da aka karanta mini Ibraniyawa 2, cewa ta wurin mutuwarsa ya rushe mai ikon mutuwa ya 'yanta waɗanda tsoro ya bautar da su duk kwanakin ransu, sai na kwance layun da ke ƙuguna. Shekarar farko da ba mu yanka wa Uwar Gona ba, dangi sun zuba ido su ga gonarmu ta ƙone. Mun shuka, mun yi noma, mun girbe kamar kowa. Daga baya ne, ina girma cikin Littafi, na gane ni ma mai laifi ne a gaban Allah, ba wanda iskoki ke bi kawai ba. Wannan ta fi wuyar haɗiya.

Talatu: Baba, ka yi haƙuri zan tambayi abin da ya daɗe yana damuna. Kakata ta mutu tana Bamaguza, bishara ba ta kai garinsu ba sai bayan ranta. Mace ce mai kirki, ba a taɓa kwana da yunwa a ƙofarta ba. Ta yi ta yanka a gindin itace domin abin da ta tarar ke nan. Hadayar Yesu ta kai kanta ko ba ta kai ba?

Malam Bulus: 'Yata, zuciyata tana tare da ke, nawa kakannin ma haka suka tafi. Amma ba zan faɗa miki abin da ba a rubuta ba. Ayyukan Manzanni 4:12 ta ce babu wani suna da aka bayar a ƙarƙashin sama wanda za mu sami ceto ta wurinsa. Romawa 10 ta ce yaya za su gaskata da wanda ba su ji labarinsa ba? In kirki ya isa, da Gowans bai zo ya mutu a Girku ba.

Katekis Yusufu: Malam, ba wanda ya ce kirkinta ne zai cece ta. Mu abin da muke koyarwa, tun Majalisar Batikan ta biyu ta bayyana shi a 1964, wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya bi lamirinsa da taimakon alheri, yana iya samun ceto, kuma ta wurin Almasihu ne, ba ta wata ƙofa ba. Ibrahim ma bai taɓa jin sunan Yesu ba.

Malam Bulus: Ibrahim Allah ya yi magana da shi baki da baki ya gaskata. Ba ɗaya ba ne da gindin tsamiya.

Fasto Haruna: Talatu, ni ba zan sa kakarki a sama ba, ba zan sa ta a wuta ba, domin kujerar shari'a ba tawa ba ce. Abin da zan tsaya a kai: duk wanda zai tsira, na da da na yanzu, ta jinin nan ne zai tsira, a nan ina tare da Malam Bulus. Romawa 2 kuma ta ce Allah zai shara'anta waɗanda ba su da Shari'a bisa ga abin da ke rubuce a zukatansu, Luka 12:48 ta ce wanda aka ba da yawa shi za a nemi da yawa a wurinsa. Malam zai ce Romawa 3 ta rufe bakin kowa, kuma gaskiyarsa ne. Maganar ta fi ƙarfin waya. Ranar Laraba a binciken Littafi za mu buɗe Romawa 1 zuwa 3 gaba ɗaya, Katekis in kana kusa ka zo.

Malam Bulus: Zan zo, amma a haɗa da sura 10.

Talatu: Ni ma zan zo da mahaifiyata, domin uwarta ce, kuma ita ce ta fara yi mini tambayar.